Renon Furen Sanyi a Tsakiyar Zafi: Lamarin Irin Fansi a Wani Gida a Jojiya

A jihar Jojiya da ke kudu maso gabashin Amurka, da zarar Oktoba ya kama sai ka ga an tuttuge furannin da suka yi zaman zafi a ƙofar gidaje da kantuna da shataletale, an maye gurbinsu da furen fansi, wanda ake kira pansy da Turanci. Ɗan gajeren tsiro ne, tsawonsa da kyar ya wuce taƙi guda. Furensa na da ganyaye biyar masu launi, kuma galibi akwai baƙin tabo a tsakiya. Abin da ya sa ake rububinsa shi ne yana jure sanyin da ke kashe sauran furanni, yana ta fure tun daga Oktoba har Afrilu ko Mayu.

Inda gizo ke saƙar shi ne lissafin lokaci. Daga zuba iri zuwa samun tsiron da ya isa dashe, har ya fara toho, ana ɗaukar mako 10 zuwa 12. Wanda ke son dashe a Oktoba dole ya zuba iri a ƙarshen Yuli ko cikin Agusta, lokacin da zafin rana a Atlanta, babban birnin jihar, ke kai digiri 31 ko 32 a ma'aunin Salshiyas, dare ma da kyar yake sauka ƙasa da 21. Wato tsiron da bai san komai ba sai sanyi, ƙuruciyarsa kaf a cikin zafi take faɗowa. Shi ya sa kusan kowa a can yake sayen wanda manyan gidajen reno suka riga suka tayar. Wannan rubutu a kan wadda ta ƙi saye ne, ta ce sai ta tayar da nata daga ƙwaya.

Mai lambun

Yayata ce, ta daɗe da zama da iyalinta a wani gari da ke arewa da Atlanta. A gidan noman rani muka taso, don haka tun tana yarinya ta san yadda ake zuba irin tumatir da albasa a kwami, a lulluɓe da ciyawa, a yi ta yayyafi safe da yamma har ya isa cira. Ba baƙuwar ƙasa ba ce. A bayan gidanta tana noma kuɓewa da yakuwa da alayyafo duk shekara, kuma suna yi, domin zafin Jojiya da damshinta sun dace da su. Fansi ne kaɗai take saye. Abin da ya tunzura ta shi ne launi: tana son wani ja mai duhu marar tabo, kantunan unguwarsu kuwa rawaya da shuɗi da gauraye suka fi kawowa. Ta yi odar irin ta intanet. Ni kuma da na ɗan karanci aikin gona, na zama wanda ake turo wa hotuna ta WhatsApp ana tambayar, “Auta, me ka gani a nan?”

A ganina duk abin da ya faru da ita ya samo tushe daga abu guda. Hannunta ya saba da tsiron ƙasar zafi, kuma kusan duk alherin da ake yi wa tumatir, in aka yi wa fansi cutarwa ce.

Shuka ta farko: ƙasa ta yi shiru

A ƙarshen Yuli ta cika farantan reno da ƙasar lambunta wadda ta gauraya da taki, ta yayyafa irin a sama, ta ɗan danna, ta ajiye a barandar baya inda rana ke leƙowa da hantsi. Mako biyu suka wuce, ƙwayoyin da suka fito ba su taka kara sun karya ba. Ta fara zargin mai sayar da irin.

Iri ba shi da laifi. Ƙwayar fansi ƙarama ce, giram guda na ɗauke da ƙwaya 700 ko fiye, kuma ta fi son ƙasa mai ɗumin digiri 18 zuwa 21 kafin ta fashe. Da zarar ƙasar ta haura 25 sai tsirowa ta fara ja da baya, a 30 kuwa mafi yawa kwanciyarsu suke yi. Ba mutuwa suke yi nan take ba, amma in suka daɗe a jiƙe cikin zafi sai su ruɓe. Baƙar robar faranti da rana ta daka kuwa ta fi iskar da ke kewaye da ita zafi nesa ba kusa ba.

Wannan hali gado ne. Fansin da ake shukawa yau, wanda masana ke kira Viola × wittrockiana, haɗin aure ne na wasu furannin daji: Viola tricolor na filayen Turai, da Viola lutea na makiyayar tsaunukan Turai, da Viola altaica daga tsaunukan Altai na tsakiyar Asiya. A Ingila aka fara haɗa su a farkon ƙarni na 19. Lady Mary Bennet ta tara ire-irensu a lambun mahaifinta da ke Walton wajen 1812, shi kuma William Thompson, mai kula da lambun Lord Gambier a Iver, ya shafe shekaru yana gauraya su har ya samu mai baƙin tabon nan a 1839. Duk cikin kakannin nasa babu wanda ya san daren Agustan Jojiya. Kamfanonin iri sun yi ƙoƙari sun fitar da masu ɗan jure zafi, amma ba su canza masa jini ba.

Akwai kuma maganar haske. Takardar irin ta ce a rufe shi domin cikin duhu yake tsira, Yaya kuwa ta bar shi a fili saboda ta ga ƙanƙantarsa, tana tsoron kada ya kasa huda ƙasa. Manyan masu reno sun fi ɗaukar rufin a matsayin abin riƙe laima, domin ƙwayar da ta fara jiƙa sannan ta bushe ko da na rabin yini ne, shi ke nan an yi asararta. Ko ma wanne ne dalilin, aikin ɗaya ne: a rufe shi da abu marar nauyi mai kaurin milimita 3 ko makamancin haka.

Shuka ta biyu: an samu tsiro, an kusa rasa shi

A tsakiyar Agusta ta sake, da sauran irin da ta ɓoye a firji. Wannan karon ta sauka ɗakin ƙarƙashin gida, inda ma'aunin zafi da ta ajiye a daɓe ya nuna 20 zuwa 21. Ta sayo haɗin reno na buhu, wanda ba ƙasa ba ce, ruɓaɓɓen gansakukan fadama ne da aka gauraya da farar tsakuwa marar nauyi. Ta rufe irin da bamikulait, wani ma'adini mai sheƙi da ke shan ruwa ya riƙe, ta kifa baƙar leda a sama. Sai dai haɗin bai ishe ta ba, don haka faranti guda ta cika shi da tsohuwar ƙasar barandar nan. Kafin kwana goma kusan ko'ina ya huda.

Murna ta sa ta bar ledar ta ƙara kwana, wai don na baya su cim ma na gaba. Da ta ɗaga, waɗanda suka riga fitowa sun yi zaƙo-zaƙo, farare, kawunansu sun yi musu nauyi. Tsiron da ya buɗe ido bai ga haske ba, duk abincin da ke cikin ƙwaya a neman haske zai ƙarar da shi. Ka'idar ita ce a riƙa leƙawa kullum, kuma ranar da aka ga na farko sun lanƙwaso, ranar ake cire rufi ko da rabi ba su fito ba. Na baya za su fito a cikin haske, matuƙar saman bai bushe ba.

Ɗakin ƙarƙashi ba shi da taga mai kirki. Ta ce za ta mayar da su baranda su sha rana. Na ce, “Yaya, ki yi haƙuri, barandar nan ita ta cinye na farko.” Muka tsaya a kan fitila: dogayen ƙwan lantarki farare irin na shago, a rataye kamar santimita 10 sama da ganyen, a kunne awa 14 zuwa 16 a yini, ana ɗaga su yayin da tsiron ke tashi. Maigidanta ya ɗaura mata su da sarƙa a jikin wata kanta. Waɗanda suka riga suka miƙe ba su dawo ba, amma sababbin ganyen da suka biyo baya sun fito a tattare.

Ana cikin haka sai tsirrai suka fara faɗuwa a faranti guda. Da safe suna tsaye, da yamma sun kwanta, ganyen shar da su amma wuyan, daidai inda ya haɗu da ƙasa, ya tsuke ya yi ruwa-ruwa. Abin ya fara daga tsakiya yana faɗaɗa a zagaye. Duk wanda ya taɓa renon tumatir da damina ya san wannan ruɓewar wuya. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a ƙasa, musamman Pythium da Rhizoctonia, kuma abin da suke so shi ne ƙasa jiƙe sharkaf, tsirrai a cunkushe, iska ba ta motsi. Farantin da abin ya kama shi ne mai ƙasar baranda. Sauran ba su kamu ba, ko da yake ruwa ɗaya take ba su.

Ruwan ma ya yi yawa. Yayyafin safe da yamma da aka saba a kwami, inda rana da iskar rani ke busar da ƙasa kafin azahar, ba shi da wurin zama a ɗakin da babu rana babu iska. Saman haɗin har ya fara yin kore, wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje kuma suna tashi in an taɓa faranti. Tsutsar waɗannan ƙudaje na cin ƙananan saiwoyi, su kansu kuma suna ɗaukar cuta daga wannan faranti zuwa wancan.

Gyaran bai ci kuɗi ba. Farantin da ya kamu an fitar da shi daga gidan gaba ɗaya, ba a tsaya ceton na gefe ba. Ban ruwa ya koma ta ƙasa: a zuba ruwa a tire, a ɗora faranti ya tsotsa na ɗan lokaci, a zubar da ragowar. Ba a sake ba sai saman ya canza launi daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, farantin kuma ya yi sauƙi a hannu. Aka kunna ƙaramar fanka tana kaɗawa a hankali dare da rana. Inda tsirrai suka yi cinkoso ta sa almakashi ta datse raunanan, ba ta tuge ba, don kada ta girgiza saiwar maƙwabtansu. Faɗuwar ta tsaya.

Toka

Wannan ne sashen da ya fi ba mu wuya, kuma shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin kuskuren ba na sakaci ba ne, na ƙwarewa ne.

Da tsirran suka yi ganyen gaskiya uku zuwa huɗu, ban da biyun farko da ke fitowa daga ƙwaya, ta raba su zuwa ƙananan tukwanen roba, kowa da nasa. Ta yi aikin yadda ya kamata: ta kama ganye ba kara ba, domin ganye in ya yage wani zai fito, kara kuwa in ya murje an gama. Ta dasa su daidai zurfin da suke a da. Mako biyu bayan haka hotunan da ta turo suka nuna abu mai ɗaure kai. Kamar rabin tukwanen lafiya lau, kore shar. Sauran kuwa sababbin ganyensu sun yi rawaya tsakanin jijiyoyi, jijiyoyin kansu suna nan kore. A wasu, kan tsiron ya murɗe, ganyen ya yi kauri ya ƙanƙance, in an lanƙwasa ya karye. Girma ya tsaya cak.

Ita ta ce yunwa ce, za ta ƙara taki. Amma yunwar taki a tsofaffin ganyen ƙasa take fara nunawa, wannan kuwa a sababbi ne na sama. Ga shi kuma duk iri ɗaya ne, fitila ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya. Dole akwai abin da ya raba tukwanen gida biyu. Na yi ta tambaya har muka zo kan ranar dashen. Ashe ta yi aikin ne a zama biyu. A zama na biyu ta ga ƙudajen nan sun dame ta, sai ta ɗebo tokar gawayin gashin nama ta gauraya a haɗin, ta kuma barbaɗa a sama.

“To ai haka Baba yake yi,” in ji ta.

Gaskiya ne haka yake yi, kuma a wurinsa daidai ne. Toka na ɗauke da fotash da kalsiyam, tana kuma korar wasu ƙwari, kuma a fili mai faɗi ɗan abin da aka barbaɗa ɓacewa yake yi. Amma toka 'yar'uwar kanwa ce. Yadda ɗan ruwan toka ke kashe tsamin miyar yakuwa, haka take kashe tsamin ƙasa, kuma a tukunyar da ba ta fi kofin shayi ba cokali guda ma ya yi yawa. Fansi kuwa ƙasa mai ɗan tsami yake so. A ma'aunin pH, inda 7 ke tsakiya kuma lamba ke raguwa in tsami ya ƙaru, masu reno na riƙe haɗinsa tsakanin 5.4 da 5.8. Ta sayo takardar gwaji a kantin kayan lambu. Tukwanen da ba su da toka sun nuna ƙasa da 6, masu toka sun haura 7.

Daga nan komai ya fito fili. In tsami ya ragu, sinadarin ƙarfe yana nan a cikin haɗin amma ya ɗaure, saiwa ba ta iya jan sa, shi ne rawayar sababbin ganye. Murɗewar kai da kaurin ganye kuwa alamar ƙarancin boron ne, sinadarin da tsiro ke buƙata ɗan mitsitsi amma in babu shi kan da ke girma lalacewa yake yi. An san fansi da wannan larura, musamman wanda aka rena cikin zafi da damshi, domin boron tare da ruwa yake hawa, kuma in iska ta cika laima ganye ba ya fitar da ruwa sosai balle ya jawo wani daga ƙasa.

Ta karanta a wani wuri cewa ana jiƙa boras, wani farin gari mai ɗauke da boron, a ba su. Ana yi, a manyan gidajen reno masu sikelin awo. Amma tazarar da ke tsakanin boron da ya isa da wanda ya zama guba siririya ce ƙwarai, kuma da cokalin kicin ba a auna ta. Na ce mata kada garin gyaran gira a rasa ido. Tun da tushen matsalar tsami ne, a nan za a gyara.

Kafin a sake musu haɗi na roƙe ta ta zazzage 'yan tukwane ta wanke saiwar a famfo ta ɗauko hoto a kan farar takarda. Lafiyayyar saiwar fansi fara ce tas. Wasu daga cikin masu tokar sun fito da baƙaƙen ɗigo-ɗigo da zane a jikin saiwa, wasu wuraren sun yi baƙi gaba ɗaya. Wannan ita ce baƙar ruɓewar saiwa, wadda aka daɗe ana kiran mai haddasa ta Thielaviopsis basicola, babbar abokiyar gabar masu renon fansi a kudancin Amurka. Tsami na danne ta, rashinsa na sake mata mara. Ƙwayoyinta na iya daɗewa a jikin tsohuwar roba, kuma tukwanen da Yaya ta yi amfani da su a zama na biyu tsofaffi ne da ta tara daga furannin da ta saya a shekarun baya, ta ɗauraye da ruwa kawai. Tsiron da ya kamu ba ya warkewa. Ko ya rayu zai zauna a tsumbure, ya kuma kai cutar cikin lambu.

Don haka aka yi tankaɗe da rairaya. Duk mai baƙar saiwa ya tafi shara tare da tukunyarsa, ba cikin ramin taki ba. Masu farar saiwa aka kakkaɓe musu tsohon haɗi aka mayar da su sabo a sababbin tukwane. Rawayar ta wuce a ganyen da suka fito daga baya. Waɗanda kansu ya riga ya murɗe sun fitar da rassa ta gefe, sun rayu, amma har ƙarshen kakar ba su kamo 'yan'uwansu ba.

Taki da fita waje

Maganar taki gajeriya ce. Fansi ba mai ci ba ne. Takin ruwa a rabin ƙarfin da aka rubuta a kwalba, ko ma rubu'i, sau ɗaya a mako, ya ishe shi. Abin lura shi ne nau'in: taki mai yawan yuriya ko amoniya na sa shi miƙewa ya yi laushi, musamman cikin ɗumi, shi ya sa ake haɗa masa na musamman mai yawan naitiret da ƙarancin fosfaras. Yaya ta yi ta kwatanta nata da na kanti tana cewa na kanti sun fi tattaruwa. Dalili shi ne manyan gidajen reno na fesa musu maganin rage tsawo. Mai reno a gida ba shi da wannan, makamansa haske ne da sanyi da rowar ruwa da taki.

A ƙarshen Satumba dare ya fara sanyi, ta fara fitar da su. Da farko inuwa, na 'yan awanni, sannan ranar safe, sannan kwana a waje. Kusan mako guda da rabi aka yi ana wannan. Tsiron da ya tashi a ƙarƙashin fitila in aka jefa shi cikin rana kai tsaye ganyensa ƙonewa yake yi ya yi fari.

Ranar dashe kuwa ba kalanda ce ta tsayar da ita ba. Masu wayar da kan manoma na Jami'ar Jojiya sun daɗe suna ba da shawarar a dasa fansi lokacin da ɗumin ƙasa ke tsakanin digiri 7 da 18. In an yi gaggawa ƙasa na da zafi, tsiron zai yi rawaya ya miƙe, cuta da sanyin farko su same shi a raunane. In an makara ƙasa ta sauka ƙasa da 7, saiwa ba za ta yi aiki ba, sai ya zauna yadda aka dasa shi har hunturu ya wuce. A yankin Atlanta wannan taga a cikin Oktoba take buɗewa. Yaya ta riƙa soka ma'auni a ƙasa da safe, ta dasa a makon ƙarshe na watan, domin shukar tata ta makara da asarar farko.

Ƙasar wurin jan yumɓu ce mai riƙe ruwa, don haka ta tayar da kunya kamar santimita 15, ta gauraya ruɓaɓɓen taki, ta bar tazarar santimita 20 tsakanin tsiro da tsiro, ta shimfiɗa busasshen ganyen itacen fayin, mai ganye sirara kamar allura, a tsakani kamar yadda ake yi a can. Toka kuwa ba ta ko kusanci wurin ba. Zomaye da barewa na son fansi, sai da ta kewaye da raga.

Abin da aka samu

Tsirran da suka kai ga lambu ba su cika rabin wurin da ta tanada ba. Ragowar ta cike da na kanti, abin da ya ba mu damar gwada su kafaɗa da kafaɗa. Na kanti sun zo da furensu, sun ƙawata wurin tun ranar farko. Nata sun yi 'yan furanni a Nuwamba, suka lafa a Disamba da Janairu. A daren da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 4 ƙarƙashin sifili, dukkansu sai su yi laushi su koma toka-toka kamar sun mutu, rana na fitowa su miƙe. Wannan dabararsu ce ta kare kai, ba cuta ba. Haɗarin yana ga sanyi mai tsanani da iska, irin na 24 ga Disamba 2022 da Atlanta ta ga digiri 13 ƙarƙashin sifili, wanda ya halaka fansi da yawa a yankin. A irin wannan dare ana shayar da ƙasa tun kafin ta daskare, a lulluɓe tsirran da ganyen fayin, a yaye in ya wuce.

Daga ƙarshen Fabrairu nata suka tashi haiƙan, kuma a Maris da Afrilu ba ka bambanta su da na kanti sai ta launi. Jan nan mai duhu da ta nema ya fito yadda take so. Tana tsinke duk furen da ya yi yaushi tare da sandarsa, domin in aka bar shi ya ƙulla iri tsiron rage fure yake yi. A Mayu zafi ya dawo, suka miƙe suka yi yaushi, ta tuge su.

Ta so ta ajiye iri daga jan. Na faɗa mata irin F1 ne, wato 'ya'yan farko na iyaye biyu da kamfani ya zaɓa, jikokinsu kuwa kowa kamanninsa daban, ga ƙudan zuma sun riga sun gauraya su da rawayan kanti. Duk da haka ta ɗaure 'yan kwanso da ƙyallen raga, domin kwanson fansi in ya bushe tsagewa yake yi gida uku ya watsa ƙwayoyin.

In don kuɗi ne, ban ga riba ba a shekarar farko: fitila da haɗi da tukwane da takardar gwaji sun fi kuɗin faranti biyu ko uku na kanti. Mai son rawaya da shuɗi ya je ya saya, babu abin kunya. Renon iri na wanda ke son launin da ba a kawowa ne, ko mai babban wuri, kuma sai yana da ɗaki mai sanyi a Agusta. In babu wannan ɗakin, sauran dabarun duk ba za su cece shi ba.

Wata ƙanwar mahaifiyarmu da ke Jos ta ga hotunan ta tambaya ko zai yi a wurinta. Lissafin ya nuna ita ta fi Yaya sauƙi. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma daren Disamba da Janairu a can na sauka zuwa digiri 11 ko 12, sanyin da fansi ke jin daɗinsa, ba tare da ƙanƙarar da za ta tsayar da shi ba. A Indiya ma, a filayen arewa irin su Delhi, furen hunturu ne da ake zuba irinsa a wajen Oktoba. Na ce mata, “Inna, ki zuba a farkon Oktoba, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, kan daɓen siminti nesa da taga. Ki dasa a Disamba inda zai samu ranar safe da inuwar yamma, ki sa ran fure a Janairu da Fabrairu, kafin zafin Maris ya kore shi.” Abin da zai fi ba ta aiki shi ne busasshiyar iskar hunturu, mai shanye laimar saman faranti cikin 'yan awanni, don haka a wurinta rufin iri da leƙawa safe da yamma sun fi muhimmanci fiye da yadda suka kasance a ɗakin ƙarƙashin Yaya.